ZINARIYAR DA AKA ƘI KARƁA A MAGAMI: YADDA AKA KOYA WA MASU ALHERI DUBA INDA ALHERINSU KE SAUKA

Makalarmu ta wannan mako za ta koma Gobir ta zamanin Alƙalawa, amma abin da ya kai mu can yana nan tare da mu yau a Sabon Birni da Isa.

Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wajen lada gaskiya ne, Allah ba Ya tozarta aikin wanda ya yi dominSa. Sai dai akwai tambayar da karin maganar bai amsa ba: shin danƙon nan a jikin wa ya manne? Mutum na iya fitar da dukiya da zuciya ɗaya, ta je ta sauka inda ba a buƙatarta, alhali ga wani can gefe da kaɗan daga cikinta zai ceci ransa. Ƙasarmu ba ta taɓa rasa masu kyauta ba. Abin da ya fi wuya shi ne shawo kan mai kyauta ya damu da sakamakon kyautarsa ba tare da an ɓata masa rai ya daina gaba ɗaya ba. Fiye da shekara 200 da suka wuce wasu malamai a ƙasar Gobir sun yi fama da wannan matsala, kuma hanyoyin da suka bi suna rubuce.

GOBIR TA ZAMANIN BAWA

A tsakiyar ƙarni na 18 Sarkin Gobir Babari ya ci Birnin Zamfara da yaƙi, ya kafa Alƙalawa a bakin Gulbin Rima ta zama babban birnin Gobir. Ana cewa sunan ya samo asali daga alƙalin Zamfara da wurin ke hannunsa tun farko. Kafin zamanin Bawa Jan Gwarzo ya ƙare, Gobir ta zama mafi ƙarfi a yammacin ƙasar Hausa. Ƙarfin nan kuwa yana da tsada: dawaki, mayaƙa, ganuwa, duk daga aljihun talaka suke fitowa, ta hanyar haraji da jangali da kuɗin kasuwa.

Kada mu ɗauka fadar Alƙalawa ba ta san alheri ba. Sarakunan Gobir musulmi ne, suna yi wa malamai kyautar riguna da dawaki da bayi da zinariya, malamai kuma suna yi musu addu'a. Attajirai na ba da sadaka, almajirai na cin abinci a ƙofar gidajen masu hali. Alheri na gudana, amma yawancinsa yana zagayawa ne tsakanin fada da waɗanda ke kusa da ita. Manomin da ke bayan gari, da makiyayin da ke ruga, da matar da ke cikin kulle, ba su cikin lissafi.

A cikin wannan hali Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta a 1754, ya fara wa'azi a Ɗagel wajen 1774, yana ɗan shekara 20. Ƙanensa Abdullahi ya rubuta labarin waɗannan shekaru a littafinsa Tazyinul Waraƙat, ɗansa Muhammadu Bello kuma ya rubuta a Infaƙul Maisuri. Yawancin abin da za mu kawo daga can ya fito.

YA FARA DA WAƊANDA SUKA RIGA SUKA YI NIYYA

Abu na farko da ya kamata mu lura da shi: Shehu ya daɗe bai je fadar kowane sarki ba. Ya tafi Kabi, ya dawo, ya shiga ƙauyuka da kasuwanni, daga baya ya yi kusan shekara 5 yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara. Sai da jama'a ta taru a bayansa sannan ya je wajen Bawa ya yi masa magana kan adalci.

Waɗanda ya nufa da farko mutane ne masu son addini da son alheri, amma ba su san yadda za su yi ba, ko kuma suna yi ta hanyar da ba ta haifar da komai. Bai zo musu da Larabci zalla ba. Larabci na littattafai ne da ɗalibai. Ga jama'a kuwa sai ya yi magana da Fulatanci da Hausa, ya kuma tsara karatun cikin waƙa, domin wanda bai iya karatu ba yana iya haddace waƙa ya tafi da ita gona, mace ta rera ta tana daka. Darasin da aka yi a Ɗagel sai ya isa garin da malamin bai taɓa takawa ba.

Muhammadu Bello ya siffanta yadda mahaifinsa ke fita majalisi. Kafin ya fito yakan ɗan tsaya a gefe cikin gida ya sabunta niyyarsa. Idan ya iso sai ya yi sallama da sakin fuska. Ko an yi masa tambayar da ba ta da kan gado, ko an katse shi, ba ya nuna ƙosawa, yakan tsaya ya amsa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai son mutane su sauya hali. Wanda aka kunyata a bainar jama'a ba ya dawowa gobe.

Akwai kuma wani yaƙi da Shehu ya yi wanda ba a cika ambata ba, yaƙin alƙalami da wasu ɗalibai masu zafin kai. Waɗannan sukan tare talaka su yi masa tambayoyin tauhidi masu zurfi, idan ya kasa amsawa su ce ba musulmi ba ne, har su hana cin yankansa. Bello ya ce mahaifinsa ya yi rubuce-rubuce kimanin 50 yana rusa wannan ra'ayi. Ko malaminsa da yake matuƙar girmamawa, Malam Jibrilu ɗan Umaru, Shehu ya saɓa masa kan kafirta musulmi saboda manyan zunubai. Ɗaliban nan su ma suna ganin gyara suke yi. Amma idan aka duba abin da gyaran nasu ya haifar, sai a ga mutane suna gudun ilimi saboda tsoron a tozarta su. Shehu ya auna aikinsu da sakamakonsa, ya ga ɓarna ta fi yawa.

WA AKA BARI A BAYA?

Hanya ta biyu ita ce jefa wa masu alheri tambayar da ba za su iya kauce mata ba. A littafinsa Nurul Albabi Shehu ya soki malaman da ke zaune safe da yamma suna karantar da ɗalibai a zaure, alhali matansu da 'ya'yansu mata da bayinsu na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla ba. Ya ce irin wannan karantarwa akwai neman suna a cikinta, domin ɗalibi na fita ya yabi malaminsa a gari, matar gida kuwa ba wanda zai ji labarinta.

Mu duba yadda ya gina maganar. Bai ce karantar da ɗalibai laifi ne ba. Ya yarda malamin na aikin kirki. Abin da ya nuna masa shi ne, ga wasu da suka fi buƙata, sun fi kusa da kai, haƙƙinsu ya fi nauyi a kanka, kuma ka tsallake su saboda aikinsu ba ya kawo yabo. Malamin da ke da tsoron Allah idan ya ji wannan ba zai iya barci ba. An kama shi ne da abin da shi kansa ya yi imani da shi.

Wannan ra'ayi ya gamu da jarrabawa a lokacin yawon Zamfara. Wani malami mai suna Mustafa Gwani ya tarbe su da baitoci na maraba, amma ya haɗa da nasiha cewa Shehu ya hana mata zuwa wurin wa'azi, domin cuɗanyar maza da mata fitina ce. Shehu ya umarci Abdullahi ya ba shi amsa. Abdullahi ya fara da musanta cewa ana cuɗanya, domin ana ware mata gefe. Sannan ya ce ko da an ƙaddara akwai wani abin ƙi a fitowarsu, barin su cikin jahilcin addininsu ya fi shi muni, kuma ƙa'ida ce a shari'a a ɗauki ƙaramar cuta don kauce wa babba. Mustafa Gwani ba mugun mutum ba ne, kishin addini ne ya sa shi magana. Abin da aka koya masa shi ne ɗora abubuwa biyu a ma'auni a ga wanda ya fi nauyi, maimakon kallon guda ɗaya kawai.

RANAR MAGAMI

Sai kuma ranar da ta fi kowace shahara. Wajen 1788 zuwa 1789, a lokacin babbar salla, Bawa Jan Gwarzo ya tara malaman ƙasarsa a Magami. Bayan an sauko idi aka fito da kyaututtuka kamar yadda aka saba. Masu tarihi sun ruwaito cewa rabon Shehu ya kai miskali 500 na zinariya, wato abin da ya haura kilo 2 a awon yau. Shehu ya miƙe ya ce shi da jama'arsa ba su buƙatar dukiyar sarki, amma yana roƙon abu biyar a madadinta: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar Gobir, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama duk wanda ya sa hula da rawani, a saki waɗanda ke tsare a kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince da duka. Cikin waɗanda aka saki har da Abarshi, jinin sarautar Zamfara.

An saba kawo wannan labari a matsayin misalin gudun duniya, kuma haka ne. Amma akwai lissafi a cikinsa. Da Shehu ya karɓi zinariyar ba wanda zai zarge shi. Yana da ɗaruruwan ɗalibai da baƙi da ke buƙatar abinci, da ya raba musu, da an yaba masa, da kuma kafin shekara ta zagayo ta ƙare. Sassaucin haraji kuwa ya shiga kowane gida da ke noma a ƙasar, har gidajen da ba su taɓa jin sunansa ba. Fursunan da aka saki ya koma ga iyalinsa. Izinin wa'azi ya buɗe ƙofar da aka yi shekaru ana shiga ta cikinta. Damar tsayawa gaban sarki ranar idi ba ta samuwa kullum, sai ya kashe ta a kan abin da zai fi yawan masu amfana.

Ya kuma yi hakan a idon malamai masu yawa, waɗanda kowannensu ya zo ne da niyyar karɓar rabonsa. Bai yi musu huɗuba kan kwaɗayi ba, bai kira sunan kowa ba. Gani ya kori ji. An ruwaito cewa malamai da dama sun koma bayansa tun daga wannan rana.

Bawa ma ya cancanci a faɗi nasa. Sarki ne mai ƙarfi, tsoho, wanda ba a saba mayar masa da kyauta ba. Yana iya ɗaukar abin a matsayin raini. Sai ya saurara, ya karɓi sabuwar hanyar alheri da aka nuna masa, wadda ta fi zinariya tsada a gare shi, domin rage haraji rage kuɗin shiga ne na kowace shekara. Mai kyauta da ya yarda a sauya masa inda kyautarsa za ta sauka, shi ma ya yi jarumta.

INDA MA'AUNI YA JUYO KAN MASU SHI

Tarihi bai tsaya a Magami ba, kuma ba za mu yi wa kanmu adalci ba idan muka tsaya nan. Bawa ya rasu ba da daɗewa ba. Bayan Yakuba, Sarki Nafata ya sa aka yi shela cewa ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, ba mai shiga musulunci sai wanda ya gada, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Abin da aka samu da alkawarin sarki ɗaya, shelar wani sarki ta share shi. A zamanin Yunfa al'amari ya ƙazanta, aka yi hijira zuwa Gudu a Fabrairun 1804, aka gwabza a Tabkin Kwatto a watan Yuni na shekarar. A Tsuntsuwa, kusa da Alƙalawa, jama'ar Shehu ta yi asarar mutum kimanin 2,000, cikinsu da mahaddata Alƙur'ani wajen 200. Yunwa da annoba suka biyo bayan yaƙi, suka ci na kowane ɓangare.

A 1807, ana kan hanyar kai wa Alƙalawa hari, Abdullahi ɗan Fodiyo ya sulale ya bar rundunar, ya nufi gabas da niyyar tafiya Makka. Dalilinsa, kamar yadda ya rubuta da kansa, shi ne ya ga yawancin mutanen kirki da aka fara tafiyar da su sun mutu, waɗanda suka rage kuma hankalinsu ya koma kan mulki da ganima da dawaki da manyan riguna. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkami kan yadda ake mulki da adalci, sannan ya dawo. Mutumin da ya koya wa Mustafa Gwani awo, shi ne ya ɗora tafiyarsu a kan ma'auni ya faɗi abin da ya gani, ko da yake ɗan'uwansa ne ke jagoranta. Duk mai kiran mutane su duba sakamakon aikinsu, ranar da za a duba nasa tana zuwa, kuma amincinsa ya dogara ne ga yadda ya karɓi wannan rana.

Alƙalawa ta faɗi a Oktoban 1808, aka kashe Yunfa. Gobirawa suka watse, yaƙi ya ci gaba shekaru da dama har zuwa Gawakuke a 1836 inda aka kashe Sarkin Gobir Ali. Bayan nan aka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni wajen 1860. A cikin wannan zaure akwai jikokin waɗanda suka tsaya a ɓangarori biyu na ganuwar, kuma kowa na da yadda kakanninsa suka ba shi labari. Abin da ba mai musu a kai shi ne yaƙin ya bar zawarawa da marayu da bayi masu yawa, waɗanda aka raba da garuruwansu.

MALFAR NANA ASMA'U

Wadda ta fi kowa duba waɗannan da aka bari a baya ita ce Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta ga ƙauyuka cike da mata, da yawansu an kamo su ne a yaƙi, ba su da karatu, abin da suka sani na neman sauƙi idan ciwo ko baƙin ciki ya zo shi ne bori. Malamai na birni suna rubuta littattafai, amma littafi ba ya zuwa inda waɗannan mata suke.

Da ta ga dama da ta buɗe makaranta a gidanta ta jira masu zuwa, kuma da an yaba mata. Sai ta yi tambayar da mahaifinta ya yi wa malamai: wa ba zai iya zuwa ba? Matar aure mai goyo a ƙauye ba za ta yi tafiyar kwana biyu ba. Saboda haka ta kafa tsarin da aka sani da 'Yan Taru. Kowane gari a zaɓi dattijuwa mai hankali da amana a naɗa ta jaji. Jaji ta jagoranci tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, waɗanda tafiya ba ta yi musu wuya ta fuskar aure, su zo wajen Asma'u su koyi karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma su koyar da waɗanda ke cikin gidaje. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, sai ta sa mata su kai wa mata.

Alamar da ta ba jaji ita ce malfa da jan rawani. Malfa kuwa a Gobir alama ce ta Inna, babbar mace ta gidan sarauta wadda ke shugabantar harkar bori. Asma'u ba ta ce a ƙone malfa ba. Ta ɗauki abin da matan Gobir suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora shi a kan malama. Matar ƙauye da ta hango malfa ta san mai magana ce ta iso, tun kafin a buɗe baki.

'Yan Taru sukan zo da sadakarsu ta hatsi da zuma da man shanu da zane, Asma'u ta raba wa mabuƙata. Sukan kuma zo da matsalolin garuruwansu, su koma da amsa. Ta haka labari ke tafiya ta fuska biyu: ilimi na fita, bayanin halin da ake ciki na dawowa. Mai alheri da ke zaune a birni ya san abin da ya faru da alherinsa a ƙauye. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin, kuma tsarin ya rayu har bayan zuwan Turawa a 1903. Alkawarin Magami bai wuce 'yan shekaru ba aka warware shi, amma abin da aka dasa a hannun tsofaffin mata na ƙauye ya haura shekara 100.

SABON BIRNI DA ISA A YAU

Kufan Alƙalawa na nan a ƙaramar hukumar Sabon Birni, kuma ƙasar da ke kewaye da shi ta sake cika da waɗanda aka raba da gidajensu. Tun daga 2019 dubban mutane suka tsallaka zuwa jihar Maraɗi suna gudun 'yan bindiga. Wasu na kwana a makarantu da kangaye a cikin garuruwa. A Agustan 2024 duk mun ji abin da ya sami Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Bawa, a hannun masu garkuwa, Allah Ya jiƙansa. Gonaki da yawa ba a noma su.

Masu taimako kuma suna nan. 'Yan kasuwarmu na Legas da Kano da Abuja na aiko da buhuna, ƙungiyoyin matasa na tara kuɗi ta waya, akwai Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Sakkwato, akwai ƙungiyoyin waje. Tambayar ita ce ta zamanin Bawa: ina alherin ke sauka?

Mu ɗauki lokaci. Yawancin kyautarmu na fitowa ne a watan azumi, saboda falalarsa. Amma yunwa a ƙasarmu ta fi tsanani a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba. A daidai wannan lokaci ne zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara, ga tamowa. A 'yan shekarun nan azumi na faɗowa ne a rani. Mai niyyar ciyarwa zai iya yin niyyarsa ya ware dukiyar a cikin watan mai alfarma, a ajiye wani kaso a fitar da shi ranar da tukunya ta fi bushewa. Malamanmu su ne za su fayyace yadda hakan zai dace da hukuncin zakka da na sadaka.

Mu ɗauki irin aikin. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓi sau ɗaya a wata a lokacin damina a yankin Sahel, bayan gwaje-gwaje sun nuna yana rage kamuwa da kusan kashi 75 cikin 100. Ana rabon wannan magani gida-gida a jihohinmu. Ƙungiyar GiveWell ta Amurka, wadda aka kafa a 2007 don binciken inda kuɗin sadaka ya fi ceton rai, ta sa shi cikin ayyukan da ta fi ba da shawarar a tallafa wa. Wanda ya taimaka wa mai rabon maganin ya isa ƙauyen da ake tsoron shiga, ko ya shawo kan maigidan da ya hana a ba 'ya'yansa, ba za a rubuta sunansa a jikin bango ba. Haka wanda ya gyara famfon burtsatse da ya lalace shekara biyu, maimakon haƙa sabo kusa da shi don a sa allo. Wannan shi ne bambancin ɗalibin zaure da matar cikin gida da Shehu ya yi magana a kai.

Sai yadda za mu faɗa wa masu bayarwa. A nan ne tarihin ya fi amfani. Idan muka tari Alhajin da ya gina masallaci muka ce ya yi asarar kuɗi, mun zama ɗaliban nan masu tare talaka da tambaya, kuma abin da za mu samu shi ne ya rufe aljihunsa. A fara da yaba niyyarsa, domin gaskiya abin yabo ce. A yi masa magana da harshen da ya sani, na sadaka mai gudana da amana da haƙƙin maƙwabci, a bar turancin rahoto. A kawo masa zaɓi biyu a gabansa da adadin mutanen da kowanne zai taɓa, a bar shi ya auna da kansa. A aika masa wanda yake jin nauyinsa, limaminsa ko abokin kasuwancinsa ko yayarsa, domin kowane gari da irin malfarsa. Bayan wata shida a dawo masa da labari na gaskiya: ga abin da ya yi aiki, ga wanda bai yi ba, ga dalili. Mai kyautar da aka taɓa kawo wa irin wannan bayani, da kansa zai fara tambaya a karo na gaba.

Waɗanda ke da damar shiga wajen gwamna ko ɗan majalisa ko shugaban ƙaramar hukuma kuma, su tuna da Magami. Idan aka ba ka minti biyar, kana iya fitowa da ambulan, kana iya fitowa da alkawarin ma'aikacin lafiya a asibitin garinku ko tsaro a hanyar kasuwa. Su kuma tuna da Nafata: alkawarin baki na tafiya da mai shi, don haka a nemi a rubuta, a sa a kasafi, a samu mutanen gari da za su bi sawu.

Muna roƙon dattawanmu da suka san wasu ruwayoyin na ranar Magami ko na jajin garuruwansu su ƙara mana, musamman abin da aka ji daga bakin kakanni a Sabon Birni da Isa da Tsibiri. Allah Ya jiƙan magabatanmu baki ɗaya, Ya mayar da waɗanda ke gudun hijira gidajensu lafiya, Ya sa alherinmu ya isa ga masu buƙatarsa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.